Kwalabe Goma Sha Biyu na Ummuhani

A unguwar Kilomita Biyar kowa ya san Ummuhani 'yar Alhaji Mahaman mai ƙusa, amma ba wanda ya san takamaiman aikinta. Ta tashi a shagon babanta kan Titin Koudoukou, tana kallon tsatsa na cinye masa kaya. Ta tafi karatu, ta dawo da wata magana mai ban dariya: wai akwai ƙwayoyin halitta a laka, ido ba ya ganinsu, su ma suna cin ƙarfe. Mutane suka ce to, Allah ya ba da sa'a.

Ta ɗebo baƙar laka daga bakin kogi, ta cika kwalabe goma sha biyu, kowace da guntun ƙarfe a ciki, ta toshe bakinsu kada iska ta shiga, ta rubuta lamba a jikin kowace. Sai sun cika shekara uku za ta buɗe, ta auna abin da aka ci. Aikin rayuwarta ke nan, ba ta da wani.

Sai sojoji suka yi bore a 1996. Aka wawashe ɗakin binciken da take aiki, har kujeru. Ita kuwa ta riga ta kwaso kwalaben a kwali, a ka, da ƙafa, ana harbi. Ta tura su ƙarƙashin gadonta. Bore ya lafa, ya dawo, ya sake dawowa. Ummuhani ta rame, ta daina hira, kullum sai ƙirga kwanaki. Kai, ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Saura wata guda shekara ukun su cika, 'Yargoggo, yayar babanta, ta zo daga Maraɗi. Tsohuwa ce mai tausayi, kuma tun isowarta ramar yarinyar ta tsaya mata a rai. Ranar sharar Sallah, Ummuhani ta fita neman aron ma'auni, tsohuwa ta zura tsintsiya ƙarƙashin gado. Ƙarfe a kwalba, baƙar laka, ga rubutu a jiki! Ta buɗe ɗaya, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ai ba sai an gaya mata ba.

Da la'asar ta tare Ummuhani a zaure, tana hawaye.

"'Yata, ashe sammu aka yi miki! Shi ya sa kike ƙarewa a tsaye. Na fasa su duka, na zuba a masai."

Ummuhani ta jingina da bango. Ta so ta yi ihu, amma ko ƙarfin ihun babu, kuma wa zai ɗaga wa yayar uba murya?

"Duka, Goggo?"

"Ko ɗaya ban bari ba. Yanzu za ki ji sauƙi."

"Sannu da aiki, Goggo."

Washegari ta je shago ta ce a yanka mata ƙarfe goma sha biyu. Alhaji Mahaman ya daɗe yana kallonta.

"Sojoji fa sun tare hanyar kogi."

"Zan jira, Baba."

"Bayan nan kuma shekara nawa?"

"Uku," ta ce, ta zauna a kan buhun ƙusa.