Baba Nataniyel, Mai Zaga wa Baƙi Kano

Duk wanda ya zauna a layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi cikin shekaru talatin ɗin nan ya san Baba Nataniyel Dogara. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Zonkwa. Ya shigo Kano a 1984 yana ɗan shekara ashirin da shida, ba shi da komai sai lasin tuƙi da adireshin wani kawunsa ɗan sanda. Ya samu aikin direba a wata ma'aikata, kuma da yake yana jin Turanci, duk ranar da aka yi baƙi shi ake miƙa wa makullin fijo a ce ya zaga da su gari.

Da bakinsa ya ba ni labarin farkon aikin nan. Wata rana ya kai wata Baturiya marinar Ƙofar Mata, ta tambaye shi shekarun rijiyoyin rinin, shi kuwa ya ce mata ɗari, don dai kada ya yi shiru. Wani dattijon marini, Malam Garba, yana zaune hannayensa shuɗi har gwiwar hannu, ya kira shi ya ce, "Samari, me ka ce mata?" Ya faɗa masa. Dattijon ya girgiza kai.

"Kakan kakana a nan ya yi rini, shi ma tarar da su ya yi. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Gobe in ka tashi aiki ka zo."

Ya je, kuma ya ci gaba da zuwa shekara da shekaru. A wajen Malam Garba ya koyi yadda ake haɗa baba da toka, da sunayen ƙofofin gari da dalilin kowane suna. Daga nan ya shiga kasuwar Kurmi lungu-lungu, ya san rumfar dukawa da ta masu sirdi da ta masu turare. A Gidan Makama ma'aikata har wasa suke masa wai ya zo ya karɓe musu aiki. Yawancin 'yan uwansa da ke zaune a Tarauni da Unguwa Uku ba su cika shiga cikin birni ba sai da dalili, amma shi har sunayen jikokin masu bugun tufafi ya sani.

Ya auri Rut, malamar firamare a Tarauni, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Lokacin rikicin 2004 gidaje da yawa na mutanensu sun kwashe kaya sun koma gida. Rut ta so su bi sahu, ya ce mata shi bai iya nuna wa kowa Zonkwa ba, Kano ya iya. Suka zauna. Bayan hare-haren 2012 baƙi suka ɗauke ƙafa, ya koma kai takardu daga ofis zuwa ofis har ya yi ritaya. Rut ta rasu a 2019. Shekara biyu bayan haka likita ya gaya masa hawan jinin ido ya cinye masa na dama, na hagun ma saura kaɗan. Ya sayar da motarsa, ya koma zama a kan benci a ƙofar gida da rediyo a cinya. Ƙaramar 'yarsa Comfort, wadda ke aikin jinya, ita ke kula da shi.

A watan Maris na 2023 wani tsohon abokin aikinsa ya kira shi a waya. Wata mata ce ta zo daga Fatakwal da ɗanta, tana neman wanda ya san tsohuwar Kano, ba wadda ake gani yanzu ba. Comfort ta ce ba inda za shi.

"Baba, ko takalminka sai na miƙo maka. Me za ka nuna musu?"

"Garin yana nan inda na bar shi," in ji shi. "Ki kira mini Auwalu."

Auwalu maƙwabcinmu ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, mutumin Sumaila, yana tuƙa Adaidaita Sahu. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru a wannan yini.

Sunan matar Madam Obiageli, shekarunta sittin da huɗu. A Sabon Gari aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tana da shekara bakwai, a 1966, mahaifiyarta ta gudu da ita da ƙannenta a cikin jirgi. Mahaifin ya raka su tasha ya ce zai biyo su, ba a sake ganinsa ba. Tun daga lokacin ba ta taka Arewa ba. Ɗanta, wani injiniya mai ƙarancin magana, ya so su hau motar otal, ta ce a'a, a cikin gilashi ba za ta ji garin ba.

Suka taso daga Gyaɗi-Gyaɗi, Baba a gefe riƙe da ƙarfe, yana ba Auwalu hanya yana yi wa baƙin bayani. Auwalu ya ce abin ya ba shi mamaki, don kafin su kai kwana Baba ya riga ya faɗe ta. A marina ya tambayi jikan Malam Garba, aka kira shi, ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba. A Gidan Makama ya tsaya a zaure yana faɗa musu abin da ke cikin kowane ɗaki kafin su shiga.

A kan hanyarsu ta zuwa Dala ne ya ce Auwalu ya rage gudu. Ya ɗaga hannu ya nuna dama, ya fara bayanin badala, tsayinta, kaurinta, yadda aka gina ta da jar ƙasa, da kududdufin da ke gindinta inda yara ke kamun kifi. Madam Obiageli ta dubi wajen, ta dubi ɗanta. Auwalu ya ce ya yi niyyar yin shiru, sai ya ga bai dace ya bar dattijo yana nuna abin da babu ba.

"Baba, nan wajen shaguna ne yanzu. Masu sayar da tayil da kujeru."

"Duka?"

"Akwai ɗan guntu can gaba, ya zaizaye."

"Kududdufin fa?"

"An cike shi."

Baba ya sauke hannunsa. Suka ci gaba har suka isa gindin Dala. A nan ya ce su hau shi zai jira a ƙasa, Madam ta ce in bai hau ba ita ma ba za ta hau ba. Suka hau a hankali, Auwalu riƙe da shi, suna hutawa a kan matakala. Da suka kai sama ya ce wa Auwalu ya juya shi ya fuskanci gabas, sannan ya ce, "Madam, daga nan ba zan ƙara gaya miki abin da ke akwai ba. Zan gaya miki abin da na sani da, Auwalu ya gaya miki abin da ya rage." Haka suka yi. Shi ya ambaci wuri, Auwalu ya duba ya ce yana nan ko babu.

Da la'asar suka shiga Sabon Gari. Ba ta tuna sunan titinsu ba, ba ta tuna sunan cocin ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne ƙararrawar ba a saman gini take ba, a jikin wasu ƙarafa take a tsakar fili, kuma akwai famfo kusa da ƙofa inda mahaifinta ke wanke mata ƙafa kafin su shiga. Baba ya ce tsofaffin coci uku ya sani masu irin wannan ƙararrawa. Na farko an rushe shi an yi sabon gini mai bene. Na biyu ta leƙa ta ce ba shi ba ne. A na uku, tun kafin Auwalu ya kashe mashin ta sauka.

An ɗaga katanga, an sa waya mai ƙaya a kai, akwai masu gadi a ƙofa da na'urar bincike. Famfon babu shi. Amma tsohon ginin dutsen yana nan a bayan sabon, an mai da shi ajin yara na ranar Lahadi, ƙararrawar kuma tana rataye a inda take. Wani dattijon coci ya fito, Baba ya yi masa bayani, dattijon ya shiga ofis ya daɗe, ya fito da wani littafin baftisma da bangonsa ya rabu. Suka bi shekarar 1959 layi-layi. Ɗan ne ya ga sunanta. A gefensa akwai sa hannun mahaifinta da shuɗin tawada.

Ta zauna a kan benci ta ɗora yatsa a kan rubutun. Ta ce ba su fita da hoto ko ɗaya ba, wannan ne karo na farko da ta ga wani abu da hannunsa ya taɓa. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Can ta juyo wajen Baba, ta yi magana da Hausa, irin ta yara, wadda ɗanta bai taɓa jin ta yi ba.

"Baba, na gode. Na zo gida."

"Sannu da zuwa," ya ce mata. "Kin daɗe a hanya."

Da za su rabu ta ce lallai ya zo Fatakwal, za ta sa a kai shi bakin teku. Ya yi murmushi ya ce ai ko an kai shi ba gani zai yi ba. Ta ce teku ba sai da ido ba, ana jin sa tun daga nesa. Ya ce to, in Allah ya yarda.

Bai samu zuwa ba. Daga wannan fita jikinsa bai ƙara ƙwari ba, amma ya samu abin yi. Kusan kullum bayan la'asar Auwalu zai ajiye mashin ya zauna a bencin, Baba yana faɗa shi kuma yana ɗauka a waya: sunayen ƙofofi, wa za a nema a Kurmi, wace tambaya baƙi suka fi yi, wane wuri ne ba a ɗaukar hoto sai an nemi izini. Wani lokaci su yi gardama, don Auwalu ya fara tambayar tsofaffi da kansa yana kawo wata ruwayar daban.

Baba Nataniyel ya rasu a watan Agustan 2024, da safe, Comfort na gefensa. An yi sujadar jana'izarsa a cocinsu na Tarauni, aka ɗauki gawarsa zuwa ƙauyensu inda aka binne Rut. Motoci biyu suka raka shi daga layinmu, har da jikan Malam Garba, wanda ya kawo shuɗin yadi ya ba Comfort ta shimfiɗa a kan akwatin. Madam Obiageli ta kira ta yi ta'aziyya, ta ce ɗanta ya sa hoton shafin nan a firam ya rataye mata a ɗaki.

Auwalu yana nan yana haya tsakanin Tarauni da Hotoro. Baƙi ba su da yawa har yanzu, amma makarantu biyu na unguwarmu sukan neme shi in za su kai ɗalibai Dala da marina a ƙarshen zango.