Ruwan Jegon Ƙawata

Ni da ƙawata a wata ɗaya muka daina ganin al'ada. Sa'o'in juna ne mu, katanga ce kawai ta raba gidajenmu a Tamaske, kuma mazanmu tare suka dawo daga Abijan gab da damina. A bakin rijiya ta raɗa mini, ni ma na raɗa mata, muka yi ta ƙyalƙyala dariya kamar ƴammata. Ɗa ɗaya ya rayu mini, shi ma ya fara bin ubansa cin rani. Mace nake roƙo, wadda za ta zauna kusa da ni.

Cikinta ya taso, nawa shiru. Abin da ya zo mini zafi ne. Ina cikin sussukar gero sai wuta ta taso mini daga ƙirji ta haye fuska, gumi ya jiƙa zanena sharkaf, kafin in jingine taɓarya kuma sanyi ya kama ni har haƙora suna haɗuwa. Da safe sai na shanya tabarmata. Na ce laulayi ne. Na hau mota har Keita wurin sajfam, ungozomar asibiti, ta latsa cikina, ta ce, "Inna, babu komi. Girma na." Inna! Ina zaginta a zuci har tasha.

Ƙawata ta haihu, kuma mace. Uwarta ta daɗe da rasuwa, sai manyan matan unguwa suka shiga neman wadda za ta yi mata wankan jego. A wurinmu aikin tsofaffi ne. Wata ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga wagga, ai ta gama nata." Ban san yaushe labarina ya zaga gari ba.

Safe da yamma ni ce hura wuta, ni ce tafasa ruwa a babbar tukunya, ni ce tsoma ganye in fyaɗa mata a baya. Ta fito tana zuba gumi, mata su ce madalla, jiki yana gasuwa, a ƙaro mata kunun kanwa. Mijinta ya sayo ƙauri, dangi suna ta sannu. Ni da na fi ta jiƙewa, ko ruwa ba wanda ya miƙo mini. Na yi kishin gumin nan nata, kishi mai ɗaci. Gumi dai gumi ne, amma nata da ɗiya a gefe.

Wata safiya abin ya taso mini ina tsugune gaban murhu. Na fizge kallabi, na kwara wa kaina ruwan randa.

"Ƙawa, mi as same ki?" in ji ta.

"Wutar ga ta," na ce.

Ta san ƙarya nake. Ta miƙo mini jaririyar in riƙe mata ta ɗaura zane. Yarinyar ta lafe a ƙirjina da ke jiƙe, ɗuminta daban da nawa. Har na fara jin sanyi a rai, sai ga wata tsohuwa ta shigo barka. Ta dube mu ta tafa hannu.

"Iye! Ɗiyar ga ta yi sa'a, ta samu kaka."

Na jira ƙawata ta ce a'a, sa'ata ce, tare aka yi mana kitson fari. Dariya ta yi, ta karɓi ɗiyarta ta ba ta nono.

Yarinyar yau tana da nata ƴaƴan. Tun da ta buɗe baki Kaka take ce mini, kuma ina amsawa.