Fadar da Ba a Cewa Lafiya Lau

Ni dillalin awaki ne a kasuwar Gure. Kafin in lalace, makiyayan Alakos da Kelle sukan damƙa mini dabba su tafi sayayyarsu hankali kwance. Aibina guda ne tun ina yaro: ban iya ganin ƙofa a rufe in wuce. Akwai wani gida bayan tasha da nake jin manyan mutane suna ƙyaƙyata dariya a ciki da rana tsaka. Na shiga ne kawai don in san me ke ba su dariya. Ashe gidan giya ne. Kurɓar farko ɗaci na ji kamar maɗaci, sai na ce bari in ƙara, in ji inda daɗin ya ɓuya.

Na daɗe ina neman daɗin nan. Da la'ada ta daina isata, sai na koma sayar da akuyar mutum in ce masa ta tsinke ta ɓace. Rannan na kai wa wani mahauci tunkiya, ashe ta ƙanen matarsa ce. Da igiyar tunkiyar aka ɗaure ni har wurin jandarmomi. A kaso na ga abin da giya ta mayar da ni, hannuna na rawa, ko kwanon fura ba na iya riƙewa. Mahaifiyata ta rasu ina ciki. Wannan har gobe yana ci mini rai.

Da na fito, ba mai amsa sallamata da sakin fuska. Sai Baba Kyari, wani tsohon soja mai gyaran rediyo, ya aiko a kira ni fadarsu, inda suke dafa shayi a gindin dogon yaro. Na tarar da shi da wani tela da wani direba, dukansu tsofaffin mashaya da suka bari.

Baba ya ce, "Ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau."

Ya ce, "Ƙarya kake, ɗana. Dubi hannunka. Nan ba a cewa lafiya lau sai in lafiyar ce."

Abin ya ɗaure mini kai. A garinmu ko mutum yana kwance rai a hannun Allah, in ka gaishe shi lafiya lau zai ce. Na riƙa zuwa kullum don in ji me za su amsa. Direba kan ce, "Jiya na bi ta bayan tasha, yawuna ya tsinke." Ba mai yi masa wa'azi, sai a miƙa masa shayi a zauna da shi. A haka shekaru suka tura, na koma kasuwa, na yi aure, ban ƙara kurɓa ba.

Wata safiya na gaishe da Baba, sai ya ce, "Ba lafiya ba." Ya zaro kwalbar giya daga cikin kwanson wata tsohuwar rediyo, ko buɗe ta bai yi ba. Shi kuwa shi ne ya riga kowa bari.

"Me ya faru, Baba?"

"Ba abin da ya faru. Shi ne abin tsoron. Karɓa ka zubar bayan katanga."

Na zagaya ni kaɗai, na buɗe murfin. Warin ya doki hancina, sai tsohon halina ya taso: shin ɗacin nan yana nan yadda na bar shi? Kurɓa ɗaya ai sani ne kawai. Wallahi sai da kwalbar ta kai haɓata. Na mayar da murfin, na dawo da ita cike.

Na ce, "Baba, ni ma ba lafiya ba."

Tela ya ajiye kofinsa ya miƙe, direba ya kama Baba. Tare muka zagaya, kowa ya ɗora hannu, muka tuntsurar da ita cikin rairayi. Baba ya yi kuka, ni ma na yi. Ranar ba wanda ya buɗe sana'arsa, muna tare har aka kira magariba.

Samari, na tuba, kuma na bi waɗanda na cuta na roƙi gafara. Wasu sun yafe, wasu ba su ko dube ni ba. Kada ku ɗanɗana don ku sani, ni na ɗanɗana muku, babu komai a ciki. Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya nemi mutanen da zai iya gaya wa gaskiyar halinsa ba kunya. Ina gode wa Allah da ya ba ni nawa. Da ba su a ɗaya gefen katangar nan, da yau wani ne ke ba ku labarina.