Kwafin da Kawu Isyaku Ya Ajiye

Ranar Laraba mai zuwa Kawu Isyaku zai cika shekara biyar a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Duk shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina, amma bana na ga shirun ya isa haka.

Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina sakandare, kuma a shagonsa na taki da iri da maganin feshi, nan Kontagora, na kama aiki bayan hidimar ƙasa. Malam Shiru yake kirana, don in dai akwai littafi a gabana sai in wuni ban ce uffan ba. Kawu bai wuce firamare ba, amma ban taɓa ganin mai girmama takarda kamarsa ba. Babu wasiƙar da za ta fita daga shagon nan ba a yi kwafinta an sa a fayil ba, ko ta layi biyu ce. "Malam Shiru, ka yi kwafi?" Da tambayar nan muke buɗe shago, da ita muke rufewa.

Bayan na shekara huɗu a wurinsa, na fara tunanin digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, wanda ake kira MBA. Na samo babbar takarda na ja layuka, na jera hanyoyin da ke gabana. Akwai karatun ƙarshen mako a Minna, wanda zai bar ni a shago. Akwai na intanet, wanda a lokacin mutane ba su ɗauki takardarsa da daraja ba. Akwai kuma na cikakken lokaci a Legas, shekara ɗaya da rabi, wanda wata gidauniya ke ɗaukar nauyinsa ga masu aiki a harkar noma da ba su kai shekara talatin ba. Ni ina da ashirin da tara.

Kawu ya sa tabarau, ya ce in karanta masa layi-layi. Da na gama ya ɗora yatsa a kan na Legas.

"Wannan za ka nema. Ka je ka ga yadda manya ke yi, ka dawo ka koya mana."

Sharaɗin ƙarshe shi ne wasiƙar shaida daga maigidan da kake wa aiki, a rufe, ba tare da ka gani ba. Ni nake buga wa Kawu duk wasiƙunsa, amma ranar ya ce a'a, ba a ba mutum ya rubuta shaidar kansa. Ya tafi wurin mai buga takardu na kusa da tasha, ya dawo da ambulan a liƙe, ya sa hannu a bakinsa. Na tuna har na ba abokaina labarin, ina yabon gaskiyarsa.

Ba a ɗauke ni ba. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce ba rabona ba ne. Kafin shekara ta zagayo ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya rasu, shago ya dawo hannuna.

Damina biyu bayan rasuwarsa rufin shago ya fara yoyo, na shiga kwashe tsofaffin fayil kada su jiƙe. A nan na ga kwafin. Halinsa ne ya tona shi: ko wasiƙar da ba ya so in gani, ya kasa fitar da ita ba kwafi. Ya shaida cewa ni mai amana ne. Sannan ya ce kunya ta yi mini yawa, ba na iya magana a gaban mutum uku, bai ga alamar zan iya shugabantar kowa ba, kuma yana ba su shawara su duba wani. A bayanta, cikin fayil ɗaya, akwai sakamakon gwajin asibiti da aka ba shi mako guda kafin ya rubuta ta.

Na san abin da mai karatu zai ce: mutum ya ga mutuwa, yana da mata da 'ya'ya biyar, ya rasa wanda zai bar wa shago. Na faɗa wa kaina haka sau ba adadi. Amma ni ba hana ni tafiya ne ya fi ci mini rai ba. Da Kawu ya kira ni ya ce, "Malam Shiru, ba ni da lafiya, zauna," wallahi da na yage takardar da hannuna. Bai tambaye ni ba. Ya nuna mini hanya da yatsansa, ya zagaya ya rufe ta, kuma ya rufe ta da abin da ya san ina jin kunyarsa a kaina. Ya bar ni shekara uku ina zaton ban isa ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya leƙo yau. Manoman ƙauyen Kaboji ta waya suke aiko da abin da suke so. Da yawa daga abokan cinikinsa na garin Kasuwan Garba sun kwaso iyalansu sun dawo gari saboda 'yan bindiga. Ni da ya ce ba na iya magana a gaban mutum uku, ni ke tsayawa gaban ƙungiyar manoma yana bayanin iri, ko da yake har yanzu muryata na rawa. Ina kuma karatun ƙarshen mako a Minna, wanda na sa a layin farko a waccan takardar. In bar gari ranar Juma'a, in dawo Lahadi. Saura zango ɗaya.

Mai riƙe mini shago a kwanakin nan ita ce Rabi, babbar 'yar Kawu, taubashiyata. A watan jiya ta ajiye mini fom a kan tebur. Na Legas ne, irin nawa.

"Malam Shiru, shaida za ka rubuta mini. Kuma don Allah ka rubuta da yawa, kada ka yi musu irin maganarka ta kalma biyu."

In Rabi ta tafi, babu mai riƙe shago, dole in jingine zangon da ya rage. Kwana uku fom ɗin na cikin aljihun tebur. A kwanakin nan na san daidai jimlar da zan rubuta a ƙi ɗaukarta ba tare da na yi ƙarya ba. Na tsorata da yadda ta zo mini cikin sauƙi.

Rana ta huɗu na kira ta. Na ce mata tafiyarta za ta tsayar da karatuna, ina so ta san haka daga bakina. Na miƙa mata wasiƙar shaidar da na rubuta mata a buɗe, na ce ta karanta kafin in liƙe. Sannan na ba ta ta mahaifinta. Ta daɗe tana kallonta, ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Yaya, ka rubuta labarin nan." Ranar ce ta fara kirana Yaya.

Ina yi wa Kawu addu'a bayan kowace salla, kuma ba da rabin zuciya ba. Ya ciyar da ni, ya koya mini sana'ar da nake ci da ita. Yafiya kuwa ina kan hanya, ban iso ba. Wasiƙar Rabi ta tafi ranar Litinin. Na yi kwafi, Kawu. Yana cikin fayil ɗinka, a kan taka.