Duron da Ƙuda Ba Ya Hawa

A shekarun da Babbar Sallah ta riƙa faɗowa tsakiyar damina, naman layya ya zame mana abin fargaba a gidanmu na Kwarbai. A ja igiyoyi a tsakar gida a shanya, kafin ka juya hadari ya haɗo. A kwashe a kai ɗaki, a fito da shi, a sake kwashewa. Wata shekara cinya guda ta yi fumfuna, Inna ta zubar da ita tana share ƙwalla. Abin ya tsaya wa Baba a rai har shekara ta zagayo.

Baba marubucin Alƙur'ani ne. Da alƙalamin kara yake rubutu, da tawadar da yake dafawa da kansa, kuma duk yaron da zai yi sauka a unguwar, gidanmu ake kawo allonsa a yi masa zayyana. In ya ja layi daga kan allo zuwa ƙasa, ka rantse da zare aka gwada. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana, kuma ni kaɗai ce a gidan nake mayar masa da magana in kwana lafiya. Lokacin ina koyarwa a firamare, bakina kuwa ba ya shiru.

A gidan wani abokinsa malamin makaranta a Wusasa ya ga duron banda: a hura wuta a ƙasa, a jera nama a kan raga a sama, a rufe, hayaƙi ya yi aikinsa ko ana ruwa ko ba a yi. Ya dawo yana ta ba mu labari. Ana saura 'yan makonni Sallah, sai ga mai kura ya sauke wani duro shuɗi a zaure, wanda Baba ya saya wajen masu tsofaffin kaya a kasuwa.

Warinsa na fara ji kafin in gan shi, wani wari mai hawa ka, irin na gonar auduga bayan an yi feshi. Da na mirgina shi sai ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Rubutun da ke ƙasa ya goge, amma hoton yana nan daram.

Na ce, "Baba, wannan fa maganin ƙwari aka zuba a ciki. Guba ce."

Ya ce, "Da can ke nan, Uwata. Ai ba abin da ruwa ba ya tsarkakewa."

Mai walda a Ƙofar Gayan ya yanke masa murfi, ya buɗe 'yar ƙofar wuta a gindi, ya liƙa ƙafafu da raga hawa biyu. Da aka dawo da duron, Baba ya naɗe hannun riga ya shiga wanki. Ya wanke da toka, ya wanke da yashi, ya wanke da sabulu, yana ɗauraya yana zubarwa a kwata. Hukuncin da ya karantar da mutane shekara da shekaru, shi ya yi aiki da shi: ruwan da launinsa da ƙanshinsa da ɗanɗanonsa ba su sauya ba, mai tsarki ne. Ya ɗebi ruwan ƙarshe a tafin hannu, ya duba, ya sansana, ya kai bakinsa.

Ya ce, "Garau yake. Duro ya tsarkaka."

Na ce tsarki daban, guba daban. Ya yi dariya ya ce uwarsa ta fara koya masa karatu. Inna ta harare ni daga bakin murhu, na haɗiye sauran maganar, raina a ɓace. Da safe na ga kiyashin bakin kwata sun mutu a jere, yadda suke tafiya haka suka tsaya. Na nuna wa Inna. Ta share su da tsintsiya, ta ce sabulu ne.

Sai aka zo fenti. Baba ya ce ba za a ajiye hoton ƙoƙon kai a gidan da ake karatu ba. Ya shafe duron da kore, ya bari ya bushe, sannan ya fere wani ɗan buroshi ya zama siriri, ya zauna ya yi masa zayyana da ja da rawaya, irin wadda yake yi wa allo. Daidai inda hoton yake ya zana dagi, layukan suna shiga juna suna fita, ba wanda ya kauce. Ban taɓa ganin abu mai kyau da na tsana kamar duron nan ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, Baba yana gaya musu bana kowa zai ci banda, don kason da ake rabawa ma a ciki za a gyara shi. Na ƙirga gidajen da muke kai wa nama a zuci, da yaran da ke cikinsu.

Ranar Sallah aka yanka rago. Inna ta soya hanta da kayan ciki a tukunya, su muka ci. Tsokar duka Baba ya jera a duro, ya hura itace, ya rufe. Hayaƙi ya riƙa fita ta gefen murfi, ƙanshinsa ya cika gida, amma ni can ƙarƙashin ƙanshin ina jin wancan warin.

Washegari da hantsi ya buɗe. Naman ya yi jawur, gwanin sha'awa. Duk wanda ya san washegarin Sallah ya san ƙuda: yana kan fatar rago, yana kan turmi, yana kan fuskar mutane. Amma ko ɗaya bai hau naman nan ba.

Baba ya ce, "Kun gani? Ko ƙuda ya san an yi aiki."

Bai rufe baki ba ya dubi ƙasa. Ƙudaje ne zube kewaye da ƙafafun duron, wasu suna juyi a bayansu. Ya daɗe yana kallonsu. Ƙannena sun riga sun miƙo hannu, ya daka musu tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Ya ce, "Kada wanda ya taɓa. Kada a kai wa kowa sai na ce."

Na ce a haƙa rami a binne. Ya ce naman ibada ne, ba a zubar da shi a kan zato. Na ce to a jefa wa kyanwa mu gani. Ya ce, "Me kyanwa ta yi mini? Ni na sayo, ni na wanke." Na yi masa magana mai zafi ranar, har na ce taurin kai ne ba ilimi ba. Ya zaɓi yankan da ya fi kusa da jikin duron, ya yi bisimilla, ya cinye muna tsaye. Ya ƙara wani. Sannan ya ja tabarmarsa kusa da duron ya zauna gadi, kada wani yaro ya faki ido.

Azahar ta yi lafiya, har na fara jin kunyar abin da na faɗa. Kafin La'asar zufa ta jiƙa masa riga. Miyau ya riƙa zubo masa, ya tashi zai yi alwala buta ta suɓuce. Maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibiti, Inna kuwa ta kwashe naman kaf ta binne a bayan gida, ta ɗora dutse.

Allah ya tashe shi. Ya dawo gida a rame, kuma ba wanda ya ɗanɗana naman nan sai shi. Amma hannunsa na dama ya riƙa rawa, bai daina ba har ya bar duniya. Alƙur'anin da yake rubutawa ya tsaya inda ya tsaya. Masu kawo alluna suka riƙa komawa da su.

Inna ta so a ba masu tsofaffin kaya duron a huta. Baba ya hana, ya ce wani zai gan shi da kyau ya saya. Wata ranar Juma'a ya kira ni tsakar gida, wuƙa a hannunsa tana karkarwa. Ya gwada kan dagin, bakin wuƙar ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya miƙo mini.

Ya ce, "Uwata, kankare nan. A bar hoton ya fito."

Na durƙusa na fara kankarewa, ina kuka. Jan ya zubo, rawayan ya zubo, layukan ƙarshe da hannun nan ya ja a miƙe. Yana tsaye a kaina bai kau da kai ba, har ramukan idon suka bayyana.