Gadar Bappa Injiniya

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Yola ba, amma a bayan gidanmu a Yolde Pate akwai ƙarfen dogo guda biyu. Maƙwabcinmu ne ya kawo su, wanda duk unguwa ke kira Bappa Injiniya. Tun yana saurayi yake aikin layin dogo, daga Zariya zuwa Kafanchan har Maiduguri. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da matarsa da yaransa da akwatunansa da waɗannan ƙarafa da ya saya a gwanjo. Sun yi shekaru a yashe a gindin katangarsa. In maza sun fito daga masallaci sukan tsokane shi, "Injiniya, yaushe jirgin naka zai iso?" Shi kuwa sai ya ce, "Ku dai ku ɗaure kayanku, kar ya zo ya tarar da ku a banɗaki."

Bayan matarsa ta rasu, ni ke aika masa da tuwo. Shi kuma yakan duba min rubutuna na ajin yaƙi da jahilci, yana cewa, "Ɗiyata, layinki ya karkace, jirgi zai faɗi."

Akwai kwari a bayan gidajenmu, wanda ruwan sama ya haƙa. Shekarar da mutane suka kwararo daga wajen Madagali da Borno, wasu an kai su sansani a Malkohi, wasu kuma suka kafa zana da tamfol a filin da ke ƙetaren kwarin. Ruwa kuwa a wajenmu yake, a rijiyar burtsatse. Matansu sai sun gangara cikin kwarin da jarka, su haura, su sake gangarawa. Da damina ta dawo, wata mai goyo ta zame ta karye a hannu. Washegari Bappa ya tara majiya ƙarfi, aka ja ƙarafan nan aka gitta su a kan kwarin, ya ɗaure katako a kai da noti.

Ba kowa ya so ba. Lokacin tsoro ya cika gari, ko kasuwar Jimeta za ka shiga sai an lalube ka. Jauro, wato mai unguwarmu, ya zo da mutane, ina jin su ta katanga.

"Injiniya, ba mu san su wane ne a cikinsu ba. Ka buɗe musu hanya har ƙofar ɗakunanmu."

"Ranka ya daɗe, mai mugun nufi tsallakowa zai yi, ko da gada ko babu. Mai goyo ce take jira. Wanda zai cire, ga su nan, ya ɗaga."

Babu wanda ya ɗaga.

Kowace safiya bayan ya sha kunu, yakan ɗauki 'yar gudumarsa mai dogon ƙota ya bi gadar a hankali, yana ƙwanƙwasa noti ɗaya bayan ɗaya, kansa a karkace. Ya ce haka suke yi wa layi, domin ido yana iya ruɗin mutum. Wata rana ya miƙo min gudumar ya ce in buga in ji. Notin da ya ɗauru yana amsawa tar, wanda ya saki kuwa sai ka ji shi kamar fasasshiyar ƙwarya. Na yi dariya na ce me zan yi da wannan karatu. Ya ce in ajiye kawai.

Bara ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Maƙabartarmu tana ƙetare, saboda haka ta kan gadarsa aka wuce da shi. Daga ƙofar gida na hango makarar, mutanen ƙetare ne a gaba. Yanzu ba tamfol gare su ba, sun yi ɗakunan bulo, 'ya'yansu da namu makaranta ɗaya.

Bayan sadakar arba'in, wata safiya na ji ƙarar a-kori-kura. Na leƙa sai ga 'yan gwangwan da sifana da igiya, ga Hamma, babban ɗan Bappa, da ya zo daga Kaduna yana nuna musu gadar. A kan idona ya girma, na sha goya ƙannensa.

Ni ba mai hayaniya ba ce, 'ya'yana ma sukan ce sai sun matso kafin su ji ni. Na yafa mayafi, na ɗauki gudumar, wadda ke wurina tun jinyar Bappa, da tiren gyaɗar da nake ɓarewa, na je tsakiyar gadar na zauna, na miƙe ƙafa.

"Goggo, lafiya?"

"Lafiya lau, Hamma. Gyaɗa nake ɓarewa."

"A nan?"

"Nan ya fi iska."

Ya sassauta murya ya ce kayan gado ne, ƙannensa mata ma suna da haƙƙi a ciki, ba shi kaɗai ba. Na ce gaskiyarsa ce, ban musa ba. Amma a kira liman a kira ƙannen nasa, su zo su tsaya a nan su faɗa da bakinsu cewa a cire hanyar da aka bi da babansu. In sun faɗa, zan tashi.

Babban 'yan gwangwan ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, ka tashi mana, rana yana yi."

Na ce, "Ɗana, ranar Yola ba baƙuwata ba ce."

Ban kira kowa ba. Matar nan da ta taɓa karyewa ce ta fito da jarkarta, ta gan ni, ta ajiye jarkar ta zauna kusa da ni ta ɗebi gyaɗa. Wata ta biyo ta, wata ma ta biyo. Kafin a jima gadar ta cika, har da matar jauro. Babu wadda ta yi zagi, hira kawai muke ta tsadar manja. Da azahar ta gabato, 'yan gwangwan suka naɗe igiyarsu suka nufi Jimeta.

Ɗan Bappa ya daɗe a tsaye. Da zai tafi ya kalli gudumar ya ce, "Wannan ma ta Baba ce." Na ce na sani, in zai riƙa bin gadar da safe, ga ta. Bai karɓa ba.

Har yau bai ce ya bar mana ba, ban kuma tambaye shi ba. Liman ya ce zai yi magana da magadan in sun zo da sallah. Ni dai kowace safiya, in na sallami yara, nakan bi gadar da gudumar. Shekaranjiya wani noti a ɓangaren ƙetare ya amsa min kamar fasasshiyar ƙwarya. Na aro sifana a wurin mai facin taya, muka taru mu biyu da maƙwabciyata ta ƙetare muka murɗa shi, na sake bugawa har sai da ya ce tar.