Masarar da Na Shanya a Kwana

Ina shago ina kafa aljihun wani wando matata ta kira ni. Ranar Laraba ce, rana ta take tsaka. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Yaya ya faɗi da kekensa," in ji ta. "An sa shi a mota."

Na ce, "A ina?"

Ta ce, "A kwana."

Wuri ɗaya ne a wajenmu ake kira haka ba tare da ƙarin bayani ba. Kwalta tana gangarowa daga kan tudu, ta zagaye gindin wani dutse, ta miƙe zuwa Zuru. Gidana yana ƙasa da wurin kaɗan. Da safiyar ranar, kafin in tafi shago, ni da hannuna na shanya masara buhu uku a kan kwaltar kwanar, na jera duwatsu a gefenta don kada mota ta taka.

Kafin in isa asibiti, Yaya ya cika. Matarsa tana zaune a dandamali da takalminsa ɗaya a cinya. An gaya mata ya zame ne a kwana, kuma ba ƙarya aka yi mata ba. Abin da ya zamar da shi ne ba a faɗa mata ba. Na durƙusa a gabanta da niyyar in faɗa, sai ta riƙe kaina tana cewa in yi haƙuri, na rasa uba. Na bar maganar sai an yi jana'iza.

Yayana tsohon soja ne, kamar maza da yawa a ƙasarmu. Da ya ajiye aiki ya zauna a Rikoto, ya zo da wani keken tsere na gwanjo da ya saya a Legas. Tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ba shi da kariya balle a ɗaura buhu. Mutane sun sha dariya. Wani mai faci ya taɓa tambayarsa ko sauran keken yana hanya. Shi bai damu ba. Kowace Asabar da sassafe yakan sa hular kwano ya hau tudu ta tsohuwar hanya, ya gangaro ta kwalta, ya tsaya a gidana ya sha kunu.

Da likita ya ce ina da hawan jini, in rage zama, shi ya ɗora ni a kan keken. Hawa bai ba ni wuya ba, numfashi ne kawai. Gangara ce ta gagare ni. Da na ji iska ta fara kuka a kunnena sai in damƙe birki biyu, in sauko, in kama turawa.

"Farar hula!" yakan yi ihu daga ƙasa. "Kai za ka kai keke gida ko shi zai kai ka?"

"Ina da 'ya'ya, Yaya."

"Ni duwatsu na haifa? Koma sama."

Ba ya koyarwa da yawan magana. Abu ɗaya yake ba ka a rana. Asabar ta fari, hannu: ka sauke su cikin lanƙwasar ƙasa, yatsa biyu a kan kowane birki, kada ka sandare gwiwar hannu. Ta biyu, zama: ka ja baya kaɗan a kan sirdi, ka kwantar da ƙirji. Ya hana ni riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Ya ce ka matsa ka saki, ka matsa ka saki, in ba haka ba ƙarfen taya zai yi zafi, hannunka ya mutu, lokacin da kake bukatarsa ba ya nan. Birkin gaba kuma a lallaɓa shi, ba a fizga.

A kan kwana ya fi tsanani. Duk gudun da za ka rage, ka rage shi tun keke yana miƙe. In ka shiga, ka saki birki, ka taka fedar waje ƙasa da nauyinka, ka ɗaga ta ciki. Ka kai idonka inda hanya za ta fita.

"Me kake kallo a ramin nan? Surukinka ne a ciki? Duk inda ka zuba ido can za ka je."

Cikin wata huɗu na iya saukowa daga kan tudu har bakin dutsen ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba. Daga nan ne nake tsayawa. Ba a ganin bayan dutsen sai an shiga, ni kuwa zuciyata ba ta yarda in shiga abin da ban gani ba. Yakan ce wannan tsoron ba laifi ba ne, in dai ya sa na rage gudu ne bai sa na daskare ba. Shi kansa a nan yake rage gudu fiye da ko'ina.

Maganar shanya kuwa, da ba a kwalta muke yi ba. Akwai faffaɗan dutse kusa da gonakinmu na nesa, can iyayenmu suke shanya, can ake sussuka. Da daji ya lalace, zuwa can ya zama sai ka yi sallama da iyali, sai kowa ya riƙa kwaso amfaninsa da wuri, ɗanye-ɗanye, ya kawo kusa da gida. Masarar ƙarshen damina in ba ta sha rana ba, kwana uku ta yi funfuna. Tsakar gida laka ce da awaki. Kwalta kuwa tana bushewa da wuri, tana riƙe zafi. Kwanar ta fi ko'ina, don an karkata ta, ruwa ba ya kwanciya. Direbobi sun saba, suna ganin duwatsu su kauce. Ba wanda ya taɓa cewa kada a yi.

Na san yayana yana bin hanyar. Amma Asabar yake bi, kuma kafin raɓa ta bushe ya wuce, mu kuwa sai rana ta ɗaga muke shanya. Lissafin da na yi ke nan, in ma na yi wani lissafi.

Wata maƙwabciyarmu da ke tsaron tata shanyar a ƙasa ta ga abin da ya faru. Ta ce ya fito daga bayan dutsen ba da gudu sosai ba, a gefensa na hanya. Wata motar itace tana hawowa a ɗaya gefen. Bai da wurin kaucewa. Tayar gaba ta hau masarar ta tafi kamar an ja tabarma, shi kuma ya sauka da wuya a kan ɗaya daga duwatsun. Hular tana kansa. Ba ta ko tsage ba.

Kafin la'asar matan unguwa sun share masarar sun ɗura a buhu, sun kawo gidana sun jingine a bango, ba wadda ta ce komai. Duwatsun an watsa su cikin rami. Masarar ba mu ci ba, ba mu sayar ba, ta ruɓe a bayan ɗaki.

Ranar da aka binne shi, bayan an tashi daga coci, wani dattijo ɗan'uwan mahaifinmu ya ja ni gefe. Da yarenmu ya yi magana, wanda matar yayana ba ta ji sosai, don ita 'yar Filato ce, a bariki suka haɗu.

"Na ga bakinka yana motsi tun jiya," in ji shi. "Kowa yana shanya a wurin nan. Da ba taka ba ce, da tawa ce. Kada ka ƙara wa matar nan kaya don kai ka ji sauƙi."

Na ce, "Baba, haƙƙinta ne ta sani."

"In ta sani, zai tashi?"

Na ce a raina bari a watse daga zaman makoki tukuna.

Bayan sati uku ta aiko in je Rikoto. Na tafi na shirya maganata tun daga gida, har na maimaita ta a hanya. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Da can ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, maigida ƙarami take ce mini, ta ce na zo cin abincin banza. Ranar ma ta gwada.

"Maigida ƙarami, ka rame. Matarka ta daina dafa maka ne?"

Muka ɗan yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Keken yana jingine a jikin rumbu, tayar gaba ta karkace. Ta ce in ɗauka, ba ta son ganinsa. Sannan ta ajiye faifan.

"Kai ya koya wa. Gaya mini gaskiya. Mutumin da ya san hanyar nan haka, yaya za a yi ya zame? Bai karya ba ya fita, ka sani. Na makara a wurin taron mata, ban dama kunu ba. Ina ta tunani ko jiri ne ya ɗebe shi."

Nan ne wurin faɗa, ta buɗe mini ƙofa da kanta. Na ce, "Yaya bai yi kuskure ba." Sai na ji bakina yana ta zuba, ina gaya mata yadda yake rage gudu tun kafin dutsen, yadda yake sakin birki, yadda yake taka fedar waje. Tana saurare tana gyaɗa kai.

"Wurinka fa za shi," ta ce. "Da safe na gan shi da sifana yana sauke sirdin daidai tsawonka. Ya ce ba zai jira Asabar ba, zai ɗauko ka daga shago da rana, yau sai ka sha kwanar nan ko ka kwana a kan tudu."

Na duba sirdin. A ƙasa yake.

Na ce mata ba jiri ba ne. Ta ce ta yaya na sani. Na ce na dai sani. Ta dube ni ta ce Allah ya yi mini albarka, ina son in kwantar mata da hankali ne. Ta ɗauki faifanta. Na turo keken da ƙafa har gida.

Kafin Kirsimeti 'yarta ta zo ta tafi da ita Jos. Matar yayana tana kira ranar Lahadi bayan coci, ta tambayi yara, ta tambayi hawan jinina. Sau biyu ta sake tayar da maganar kunun. Har yau ban gaya mata ba.